Zauren Tambaya da Amsa: Yadda Masu Zane Suka Siffanta Talakawan Juyin Juya Halin Faransa

Wasiƙun da suka zo mana daga Kumasi a wannan wata sun taru a kan hotunan talakawan birnin Paris da suka yi juyin juya hali tsakanin 1789 da 1795. Mun zaɓi shida, mun taƙaita tambayoyin.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin tarihi ne a wata sakandare a Asawase. A littafin da muke karantarwa da shi akwai hoton wani kyakkyawan mutum riƙe da tutar Faransa, an ce ɗan juyin juya hali ne. Sai wani ɗalibina ya nuna mini wani hoton a wayarsa, na wasu mutane ba wando suna cin naman mutum, su ma an ce 'yan juyin juya hali ne. Yara sun tambaye ni wanne ne gaskiya. Me zan ce musu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka faɗa musu cewa hotunan biyu 'yan shekara ɗaya ne, 1792, kuma a cikinsu babu wanda talakan Paris ya zana da hannunsa ko ya biya aka zana masa. Ɗaya kirari ne, ɗaya zambo ne, kuma mai sauraron maroƙi yakan fara duba wanda ya ba shi kyauta kafin ya yarda da abin da ya faɗa.

Mutanen da ake magana a kansu su ne sankulot, wato marasa kulot. Kulot matsattsen wando ne mai tsayawa a gwiwa da ake haɗawa da doguwar safa, suturar masu sarauta da lauyoyi da attajirai. Mai aikin hannu dogon wando yake sawa har idon sawu. Da farko gori ne ake yi musu da sunan, zuwa 1792 suka karɓe shi suna tinƙaho da shi, kamar yadda magoya bayan Nkrumah suka yi da gorin yaran baranda. Masanin tarihi George Rudé ya bi jerin sunayen waɗanda suka fasa kurkukun Bastille ranar 14 ga Yuli 1789, ya tarar yawancinsu masu sana'a ne daga unguwar Saint-Antoine: kafintoci 49, masu ƙera kujeru da kabad 48, maƙeran kwado da makulli 41, masu ɗinkin takalma 28, da sauransu. Akwai masu shago da yaran shago, akwai leburori, har da mai hali irin Santerre da ke da kamfanin giya. Burodi ne ya haɗa kansu. Mai nauyin laba huɗu da aka saba saye sou 8 ko 9 (sou ƙaramin kuɗin Faransa ne na lokacin) ya kai sou 14 da rabi a 1789, alhali lebura sou 20 zuwa 30 yake samu a yini. Magidanta ne da aka san gidajensu, masu zuwa taron unguwanni 48 da aka kasa Paris.

Hoton littafinku, in mai tutar ne da lofe a baki da takalmin katako, aikin Louis-Léopold Boilly ne, yana gidan tarihi na Carnavalet a Paris. Ɗan ƙaramin zane ne, tsayinsa bai kai santimita 35 ba. Wanda aka zana, Simon Chenard, mawaƙi ne ɗan wasan dandamali. Kayan talakawa ya ara ya sa, ya riƙe tuta a bikin da aka yi a Paris ranar 14 ga Oktoba 1792 don murnar shigar sojojin Faransa yankin Savoie. Ka nuna wa yara dabarar mai zanen: ya sa mai kallo yana ɗaga kai kafin ya ga fuskarsa, ya ware masa ƙafafu kamar wanda aka dasa, ya sa duwatsu da sararin sama a bayansa. Babu cincirindon jama'a, babu mashi, babu ɗigon jini. A jikin tutar an rubuta 'yanci ko mutuwa. Jamhuriyar da ba ta cika wata guda da kafuwa ba tana bukatar talaka mai tsafta, mai natsuwa, wanda za a nuna wa duniya, domin makonni shida kafin bikin an yi abin da ya zubar mata da mutunci.

Wancan abin shi ne tushen hoton wayar ɗalibinka. Daga 2 zuwa 6 ga Satumba 1792, da labari ya iso cewa sojojin Prussia sun kai garin Verdun kuma hanyar Paris ta buɗe, gungun mutane suka afka gidajen yari suka kashe fursunoni tsakanin 1,100 da 1,400. Cikinsu akwai limaman coci fiye da 200, amma mafi yawa masu laifukan yau da kullum ne da ba ruwansu da siyasa. Ta'asa ce, kada ka rage mata komai a gaban yara. Ranar 20 ga wannan watan James Gillray, mai zanen barkwanci ɗan Ingila, ya fitar da zanensa a Landan daga shagon Hannah Humphrey: iyali sun zauna cin abincin dare, maigida a kan buhun kayan ganima yana cin idon mutum, tsohuwa na gasa jariri a murhu, yara na wawar hanji a cikin baho. Kisan ya faru. Cin naman mutum kuwa daga jita-jitar da jaridun Landan suka baza ya samo shi, babu shaida a kansa. Tsiraicin kuma sunan ya bi a zahirinsa, tunda an ce marasa kulot, sai ya tuɓe musu wando gaba ɗaya. Ramar jiki da dogon haɓa ma ba shi ya fara su ba. Tun 1748 William Hogarth ya zana sojojin Faransa a ƙofar garin Calais ƙashi da fata, suna haɗiyar yawu a kan naman shanun Ingila. Gillray haƙora kawai ya ƙara wa wannan tsohuwar siffa.

Wanda ake son ya ji tsoro yana Ingila. A Janairun 1792 wani mai ɗinkin takalma, Thomas Hardy, ya kafa ƙungiya a Landan mai neman a ba kowane baligi namiji ƙuri'a, kuɗin zama ɗan ƙungiya kwabo ɗaya a mako. Littafin Thomas Paine kan haƙƙin ɗan Adam yana yawo hannu da hannu a shagunan masu sana'a. Saƙon zanen shi ne: ga inda irin wannan magana take kai ƙasa. Shi ya sa bayan an fille kan Sarki Louis na 16 ranar 21 ga Janairu 1793, Gillray ya zana wani sankulot zaune ba wando a kan ƙarfen fitilar titi yana goge, ƙafarsa a kan wani bishop da aka rataye. Ranar 1 ga Maris kuma ya sa wa Charles James Fox, jagoran 'yan adawa a majalisar Ingila, wannan kama, hannuwansa jina-jina yana rawa. Daga ƙarshen 1797 gwamnatin Ingila ta yanka wa Gillray fam 200 a shekara. Gwanin gaske ne, ba mai musun haka, amma mutanen da ya mayar kuraye kafintoci ne da dukawa masu neman abin da za su ciyar da 'ya'yansu.

A aji, ka sa yara su fara karanta ɗan layin da ke ƙasan hoto, inda ake rubuta rana da sunan mai shago da gari. Daga nan su nemo abin da ya faru cikin makonni biyu kafin ranar, su tambayi wa ke da kuɗin sayen hoton, sannan su lissafa abin da mai zanen ya ƙi sawa. Ka haɗa musu da zane-zanen Jean-Baptiste Lesueur, su ma suna Carnavalet, kuma shafin gidajen tarihin Paris ya saki hotunan kayansa kyauta a intanet. Lesueur mazaunin Paris ne, ya zana 'yan ƙananan mutane ya yanke su ya manna a takarda: masu dasa bishiyar 'yanci, mata a taron ƙungiyarsu, masu fama da rashin burodi. Su ne suka fi kusa da yadda titin ya kasance.

Tambaya: Ni tela ne a Aboabo. Wata makaranta ta kawo mini ɗinkin kayan wasan kwaikwayo na yara goma sha biyu, wai kayan 'yan juyin juya halin Faransa. Hotunan da suka turo mini kowanne da kamarsa. Wanne zan bi?

Amsa: Sannu da aiki, Malam. Ka bi na Boilly da na Lesueur, ka ajiye na Ingila gefe.

Wando dogo ne, ba matsattse ba, na yadin auduga mai kauri, ruwan ƙasa ko fari-fari ko mai ratsin tsaye ja da fari ko shuɗi da fari. Yadi biyu ya ishi ɗan sakandare. Kada ka sa zif, ba a ƙirƙiro shi ba a lokacin. Gaban wandon murfi ne mai faɗi da ake ɗagowa a ɓalla da maɓalli biyu a ƙugu. 'Yar kwat ɗin, da suke kira karmanyol, gajeriya ce mai tsayawa a ƙugu, da ƙaramar kwala da maɓallan ƙarfe, yadi mai duhu, kamar yadi ɗaya da rabi. In ta sauko ta rufe mazaunai ta zama kwat ɗin attajiri. A ciki farar riga mai sakakken hannu, da ƙyalle ɗaure a wuya.

Hular ce ke ba teloli wahala. Ja ce, ta yadi mai laushi, a yanka gida biyu masu tsayin inci 14 da lanƙwasa a sama, a cusa ɗan auduga a bakin lanƙwasar don ta faɗo gaba wajen goshi. In ka sa mata kwali ko sitati za ta miƙe tsaye, in kuma kan ya faɗa baya ta koma hular barci. A gefen hagu a manna ɗan furen ribin mai faɗin inci uku, shuɗi a tsakiya, fari, sai ja a baki. A zamanin jerin launukan yakan sauya, saboda haka wanda ya sa fari a baki bai yi kuskure ba. Doka ta wajabta wa maza sa wannan fure a Yulin 1792, mata kuma ranar 21 ga Satumba 1793. Takalmin katako in bai samu ba, baƙin takalmi marar ƙarfen ado a kai ya wadatar. Mashi a yi shi da sanda mai ƙafa shida da kan kwali da aka shafa wa fentin azurfa.

Ka tambayi malamin wasan wace shekara za su nuna. Jar hula sai a farkon 1792 ta yaɗu, don haka masu fasa Bastille a 1789 malafa mai kusurwa uku ko zagayayya za su sa. Yaron da zai fito a Robespierre, ɗaya daga manyan jagororin juyin, kuma kada a ba shi kayan talakawa, har ya mutu da kulot da gashi mai hoda yake fita. Mai fitowa a sarki ana iya ɗora masa jar hula a fage guda, domin ranar 20 ga Yuni 1792 jama'a sun kutsa fadar Tuileries sun sa shi ya sa ta. 'Yan mata dogon siket, atamfar gaba irin ta masu aiki, mayafi a kafaɗa da aka harɗe a ƙirji, da farar hula.

Tambaya: Ni ɗalibin sashen zane ne a jami'ar KNUST. Yaya ake buga waɗannan hotuna tun babu na'urar hoto, guda nawa ake samu, kuma zan iya gwadawa?

Amsa: Za ka iya, ɗan'uwa, kayan ba su da yawa. Ana goge allon jan ƙarfe har ya yi sheƙi, a wanke maiƙon da ke kansa, a ɗumama shi a shafa masa haɗin kakin zuma da kwalta da ƙaro, shafi marar kauri. Sai a bi shi da hayaƙin kyandir ya yi baƙi don a riƙa ganin layi. Mai zane ya ɗauki allura ya yi zanensa, yana kankare kakin kawai, ba ya huda ƙarfen. A rufe bayan allon da gefunansa da banish, a tsoma shi cikin ruwan asid. Asid ɗin na cin wurin da allura ta buɗe, ya bar sauran. Layin da ake so ya yi siriri a fito da allon da wuri a rufe shi da banish, a mayar da sauran su ƙara ciwuwa su yi kauri. Daga nan a wanke kakin, a cusa tawada cikin ramukan, a share fuskar allon da ƙyalle sannan da tafin hannu, a ɗora jiƙaƙƙiyar takarda da bargo, a murza cikin injin mai nadi biyu. Kowane bugu sai an sake sa tawada an sake sharewa. Launi kuwa da hannu ake sa shi da fentin ruwa, takarda bayan takarda, shi ya sa da wuya ka ga kofi biyu da launinsu ya zo daidai.

Matsalolin sanannu ne. Komai yana juyewa a bugu, dama ta koma hagu, don haka rubutu a juye ake yin sa, wanda ya manta sai takobin jaruminsa ya fito a hannun hagu. In maiƙon yatsa ya rage a allo kakin ba ya kamawa, asid ya shiga ƙarƙashinsa ya yi ɗigo-ɗigo a inda ba a zana ba. In layuka sun matsu da juna kuma aka daɗe a asid, bangon da ke tsakaninsu ya rushe, wurin ya fito toka-toka maimakon baƙi domin ba ramin da zai riƙe tawada. Busasshiyar takarda ba ta shiga rami ta ɗauko tawada, wadda ta jiƙe sharkaf kuma tawadar ba ta kama ta. Jan ƙarfe yana da laushi, bayan 'yan ɗaruruwan bugu siraran layuka sun fara shafewa sai an sake bin su.

Su Gillray da asid ɗin naitirik suka yi aiki, hayaƙinsa na ƙona huhu. Kai ka nemi ferik kulorayid, ruwan da masu haɗa allon lantarki ke cin jan ƙarfe da shi. Ka tsayar da allon a tsaye ko ka kifa shi a kan 'yan tallafi, domin dattin da yake fitarwa na toshe layi. Ka fara gwaji da guntun ƙarfe, ka rufe kashi-kashi bayan minti 10, 20, 30 da 40, ka buga ka ga wanne ya yi maka. Safar hannu da tabarau dole ne, kuma kada a zuba ragowar ruwan a kwata.

Tsadar aikin ita ta zaɓi masu kallo. Zanen barkwanci mai launi a Landan yakan kai sule biyu, kusan ladan yinin lebura, saboda haka masu kuɗi ke saye, talaka sai dai ya tsaya a tagar shago. Da masu dukiya suka so saƙon ya sauka ƙasa, sai suka karya farashi. Ƙungiyar da John Reeves ya kafa a Nuwamban 1792 don yaƙar masu ra'ayin juyin juya hali a Ingila ta yaɗa wani zane da Thomas Rowlandson ya sassaƙa, da'ira biyu gefe da gefe: 'yancin Ingila mace ce zaune da ma'auni da zaki a ƙafarta, 'yancin Faransa kuwa tsohuwa ce mai gashin macizai tana taka gawa, da kan mutum a tsinin mashinta. Taro marar launi, sisi mai launi, wanda zai sayi ɗari ya raba kuma a yi masa rangwame. Har a jikin kofuna aka buga shi.

Gwamnatin Faransa ma ta shiga kasuwar. Ranar 12 ga Satumba 1793 kwamitin tsaron ƙasa ya nemi Jacques-Louis David, babban mai zanen ƙasar, ya yawaita zanen barkwanci don zaburar da jama'a. A 1794 ya kawo biyu, aka ba da odar kofi dubu na kowanne, rabi da launi, aka biya shi livre 3,000 a kuɗin Faransa na lokacin. A ɗaya sojojin Ingila tuluna ne masu ƙafafu, talotalo na jan Sarki George na 3, igwoginsu kuma abin ɗurar ciki ne irin wanda ake kira bentuwa a nan, ga sankulot a saman ƙofar gari suna yi musu ba-haya a ka. A nan ma an tuɓe wa talakan wando, kuma gwamnatinsa ce ta biya.

Tambaya: Ni 'yar kasuwa ce a Kejetia. 'Yata ta ce mini matan kasuwa ne suka je suka ɗauko sarkin Faransa daga fadarsa. In haka ne, me ya sa hotunan da ta nuna mini duk tsofaffi ne munana kamar mayu?

Amsa: Hajiya, 'yarki ta faɗi gaskiya. Ranar 5 ga Oktoba 1789 mata wajen dubu shida zuwa bakwai, da yawansu masu sayar da kifi da kayan miya a babbar kasuwar Paris, suka taka a ƙasa cikin ruwan sama zuwa Versailles inda fadar sarki take, tafiyar kusan kilomita 20, suna jan igwa, suna neman burodi. Washegari sarki da iyalinsa suka biyo su zuwa Paris, bai sake komawa waccan fada ba. Hoton da aka buga a Paris a lokacin ya nuna su yadda suke: mata masu ƙarfi da atamfar aiki da farar hula, riƙe da masu da gatura, ba kyau na musamman ba muni.

Munin daga baya ya shigo, ta ƙofa biyu. Ta Ingila, Isaac Cruikshank ya zana budurwar jamhuriya a 1794 da haƙora a waje da tsumma a jiki da makamai, don a nuna cewa siyasa na fitar da mace daga kamanninta. Ta Faransa kuwa abin ya fi ciwo, domin 'yan juyin ne da kansu. Sun cika takardun hukuma da tambari da hoton 'yanci a siffar kyakkyawar mace mai jar hula da rigar mutanen Rum na da, amma matan gaske da suka nemi shiga magana aka rufe musu baki. Pauline Léon da Claire Lacombe sun kafa ƙungiyar mata 'yan jamhuriya a Mayun 1793. A ƙarshen Oktoba rikici ya ɓarke tsakaninsu da matan kasuwa, waɗanda ƙayyade farashi ya taɓa cinikinsu kuma suka ƙi a tilasta musu jar hula. Majalisa ta fake da wannan ta haramta dukkan ƙungiyoyin mata ranar 30 ga Oktoba 1793.

Hoton da ya fi zama a zukatan mutane, na mata zaune gindin na'urar fille kai suna saƙa suna ƙirga kawuna, marubutan ƙarni na 19 ne suka girmama shi, musamman bayan littafin Charles Dickens na 1859 mai Madam Defarge. A zanen Lesueur masu saƙar mata ne na yau da kullum da aikinsu a hannu. Mace mai ciyar da gida ba ta da sararin zaman sauraron muhawarar majalisa hannu sake, sai ta tafi da zarenta.

Tambaya: Ni ɗan aji uku ne a sakandare, daga Sabon Zango. Hoton matar nan mai ɗaga tuta a kan gawawwaki, da yaro mai bindiga biyu a gefenta, ranar fasa Bastille ce? Kuma akwai baƙar fata a hotunan zamanin?

Amsa: A'a, ɗana, kuma kada ka rubuta haka a jarrabawa. Eugène Delacroix ya zana shi a 1830, shi kansa a 1798 aka haife shi. Boren kwana uku ne na 27 zuwa 29 ga Yuli 1830 da ya kori Sarki Charles na 10. Doguwar malafar mutumin da ke riƙe da bindiga ta isa ta nuna maka zamanin ya sauya. Da aka baje shi a 1831 masu sharhi sun yi ƙorafin cewa matar ta yi datti, ta yi kama da mai sayar da kifi. Gwamnati ta saye shi, ba da jimawa ba ta janye shi daga idon jama'a, sai 1874 ya shiga gidan tarihi na Louvre a Paris.

Baƙar fata akwai. Ka nemi hoton Jean-Baptiste Belley da Girodet ya zana a 1797. Daga yankin Senegal aka sayar da shi bawa yana yaro zuwa Saint-Domingue, Haiti ta yau, ya fanshi kansa, aka zaɓe shi wakili a 1793, kuma yana majalisar Paris lokacin da ta soke bauta ranar 4 ga Fabrairu 1794. An zana shi tsaye da kayan ɗan majalisa da ɗamara mai launi uku, ya jingina da gunkin Raynal, marubucin da ya soki bauta. Napoleon ya maido da bautar a 1802.

Tambaya: Kawuna da ya zauna Landan ya rasu ya bar wani tsohon zanen barkwanci mai sunan Gillray a ƙasa. Ta yaya zan san na asali ne, kuma yaya zan adana shi? Daga wata mai karatu a Tafo.

Amsa: Allah ya jiƙansa, 'yar'uwa. Ki cire shi daga firam da busassun hannuwa, ki shafa gefen hoton a hankali. Bugun allon ƙarfe yana barin shaidar danniya mai kusurwa huɗu kewaye da zanen, sai dai in an yanke gefen. Ki duba da madubin ƙara girma: baƙin layi ya zama ɗaya tilo, ɗan tudu-tudu, launi kuma ya nuna sawun buroshi, wani wuri ya ɗan tsallake layi. In kin ga ƙananan ɗigo-ɗigo a jere masu launi huɗu, bugun injin zamani ne, darajarsa ta ado ce kawai.

Sai ki juya bayansa. Bayan rasuwar Gillray a 1815 allunansa sun ci gaba da yawo, Henry Bohn ya saye su ya sake bugawa tsakanin 1847 da 1851. Bugun Bohn yana da wani zanen a bayan takardar da lamba a kusurwar sama. Ba launi ya fito, dillalai ne suka riƙa shafa masa daga baya, wasu har su manna takarda a baya don ɓoye ɗayan zanen, saboda haka ki ɗaga shi a haske. Irin wannan shi ya fi yawa a kasuwa kuma kuɗinsa bai kai na bugun farko ba. Ki gwada girmansa da rubutun ƙasansa da kofin da ke shafin gidan tarihin Birtaniya, wanda ke ba da awon kowane zane.

Wajen adanawa, kada a kai shi leminetin, zafi da roba ba sa fita kuma sun kashe darajarsa. Kada a sa salatif ko gam, suna rinar takarda ruwan ƙasa. Laimar damina a Kumasi ita ke kawo fumfuna da jajayen tabo, don haka kada a rataye shi a bangon da ruwa ke duka ko kusa da madafa, kuma rana na cinye fentin ruwa cikin 'yan shekaru. In za a mayar da shi firam, a sa kwali marar asid mai taga tsakaninsa da gilashi don kada su taɓa juna. In ajiyewa za a yi, a shimfiɗe shi tsakanin fararen takardu marasa asid cikin akwati mai murfi, nesa da ƙasa saboda gara, a jefa 'yan ƙunshin nan masu shan laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi, a riƙa buɗewa ana dubawa sau ɗaya a wata lokacin damina. In ya riga ya yi fumfuna, a bar shi ya sha iska a inuwa, kada a goge da ruwa, a nemi mai gyaran takardu a gidan adana kayan tarihi.